Koyon Faɗuwa a Cikin Kogi

Hannun yayana na dama yana bisa wuyana, na hagu ya cusa shi cikin ɗamarata ta baya, goshinsa ya dafe goshina. Mutane sun yi mana zobe, wasu a tsaye, wasu zaune bisa jiragen ruwan da sunka kife a kan yashi. A tsakiyar kogin Yamai muke, daidai inda bara warhaka sai da jirgi ake ƙetarawa. Rana ta ɗaga, ƙasa tana cin tafin ƙafa, wani can baya yana ta dukan gindin bokiti a madadin ganga.

Cikin wannan riƙon na gane abin da na kasa ganewa kwana uku da zuwansa. Yaya ba shi da nauyi. Mutumin da ina yaro yake ɗaga ni da hannu ɗaya ya aza bisa rumbu, yau na ɗan tura shi da ƙirji na ji ya tafi kamar ƙofar zana. Bakinsa yana warin mai azumi, alhali azumi da saura.

Shekara tara ke nan yana shiga fagen kokowa, daga garinmu can Adar har ƙauyukan da ke kewaye, bayansa bai taɓa ƙasa ba. Ko gwiwa bai taɓa sawa ba. Shanunsa sun mutu, gonarsa damina biyu ba ta ba da abin kirki ba, abin da ya rage mishi duk duniya shi ne wannan bayan. Ni kuma ƙanensa, ga ƙuguna daidai ƙarƙashin cibiyarsa, inda anka koya mini in sa shi. Juyi ɗaya ya rage.

Bari in koma baya kaɗan, don a ji yadda munka kai nan.

Gidanmu gidan kokowa ne. Kakanmu ya yi, Baba ya yi, yaya ya gada. Walkin kaka yana rataye a zaure da layunsa, fatar ta yi baƙi ƙirin don tsufa, in za ka wuce sai ka sunkuyar da kai. A kokowarmu babu mai tambayar ko ka ji ciwo. Gwiwarka ce ta taɓa ƙasa, ko hannuwanka, ko bayanka, an gama, makaɗi ya juya maka ƙeya, ƴan mata su kama waƙar wani. Ni sau ɗaya tak na shiga fage, ina da shekara goma sha biyu, bayan girbi. Wani ɗan mahauci gajere ya taɗe ni, na zube da baya, ƙura ta cika mini baki. Baba bai buge ni ba. Sati guda dai in na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Tun ranar na ɗauki tsoron ƙasa, ko jaki zan sauka sai na duba sau biyu.

Lakwal ma, makarantar boko, ban zauna ba. A aji biyar na bari, ba don ba na ganewa ba, benci ne ke cizona. Malam yana rubutu a allo, ni ina ta taga ina bin kamiyo, babbar motar kaya, da ido in ya wuce har ƙurarsa ta kwanta. Na yi aparanti, wato yaron mota, wajen wani direba, na yi facin taya, na yi tallar ƙanƙara, kowanne wata biyu uku sai ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Da haka na tsinci kaina a Yamai, ɗaki ɗaya da mutanen garinmu su huɗu a unguwar Bukoki, shekarar da ruwa ya ƙi sauka.

Aikin da na samu dako ne, a wata babbar mangaza inda ake tara hatsin taimako, jar dawar nan da ke zuwa daga ƙasashen nasara. Sojoji ke mulki, su ke rabo. Kullum akwai ɗaya a ƙofa da bindiga bisa cinya, in hira ta kai kan gwamnati sai kowa ya tuna yana da tari. Mu dai daga kamiyo zuwa ciki, daga ciki zuwa kamiyo, buhu bisa wuya, ƙaiƙayin dawa cikin riga.

Mai gadin mangazar wani tsoho ne Bazabarme, cikin mazan jiya da sunka yi sojan nasara. Daga Tondibiya yake zuwa kullum bisa wani keke mai kukan ƙarfe. Siriri, ba ya magana, kullum goro a kunci. Wata rana ya hau can ƙololuwar buhuna zai gyara tamfol, sai buhun da ya taka ya zame. Tsayin wurin ya kai mutum biyu da rabi, ƙasa kuma siminti. Na runtse ido ina jiran ƙarar ƙashi. Abin da na ji ɓam ne, kamar an kaɗe tabarma. Na buɗe ido na ga tsoho ya mirgina kamar ƙwarya, ya miƙe tsaye, yana waige-waige.

"Wa ya taka mini goro?" ya ce.

Da anka tashi aiki na bi shi har wajen kekensa. Na durƙusa, na rage murya yadda ake yi in ana neman asiri.

"Baba, don Allah wane malami ya yi maka wannan layar?"

Ya dube ni, ya fashe da dariya har goro ya sarƙe shi. "Laya! Shekara uku nasara yana jefa ni a bariki safe da marece, kai kana cewa laya." Ya ce abin sunansa judo. Ya ce in ina so in zo ranar Lahadi da hantsi, gaba da gada kaɗan, inda yashi ya fi laushi. Kogi ya ba mu fili kyauta, in ji shi, sai mu yi amfani da shi kafin ya dawo.

Da na je, mu bakwai ne har da ni. Akwai direbobi, akwai wani ma'aikacin ofis da ke ɓoye wa matarsa, akwai wani tela Badamagare mai shago a unguwar Maure. Telan ne ya ɗinka mana rigunan wasa da buhunan fulawar taimako, ya ninka wuyan sau uku don kada ya yage. Kowa da rubutun nasara a bayansa. Nawa a kife ya fito. Tsohon kuwa a nan ba mai gadi ba ne, Metir muke ce mishi, wato malam.

Na zo da niyyar a koya mini yadda zan ɗaga ƙato in buga da ƙasa. Wata uku Metir bai koya mini kome ba sai faɗuwa. Ta baya, ta gefe, ta gaba da mirgine. Ka manna haɓa a ƙirji, ka kalli cibiyarka. Ka bugi ƙasa da dukan hannu kafin bayanka ya iso. Ka saki numfashi. Ka tashi. Sai ya ce "Ankor!", wato a sake. Har cikin barci nake jin ankor ɗin nan.

Jikina ya ƙi. Da ya karkata ni sai in sandare, in kafa hannu kamar turke, in maƙale a rigarsa kamar kaska. Wuyan hannuna ya kumbura. Telan yana ta yi mini tsiya, wai ko buhun masara ya fi ni iya sauka.

Wata Lahadi Metir ya sake ni, ya tsaya yana kallona. "Kai ɗan kokowa ne?"

"Ɗan gidan kokowa dai."

"Shi ya sa. An gaya maka ƙasa abin kunya ce. To ni sau nawa na sha ta, ga ni da haƙorana, ban da biyu da goro ya ci. A titi in mutum ya ture ka, ko ka zamo daga kamiyo, babu makaɗi a wurin. Wanda ya tashi shi ya ci. Ankor."

Ban san ranar da abin ya saki ba, na dai tuna yadda ya kasance. Ya ja hannun rigata, ya juya, ƙafafuna sunka bar yashi, ni kuma na manta ban sandare ba. Sai duniya ta juya a hankali, a hankali ƙwarai. Na ga gada a kife, mutane da raƙuma suna tafiya a kanta kawunansu na lilo ƙasa, babu wanda ya faɗo. Na ga jirage sun koma rufin ɗaki. Na ji kamar ruwan kogin bai tafi ko'ina ba, yana nan, mu ne dai muke ƙarƙashinsa, muna iyo cikin rigunan buhu. Sannan hannuna ya bugi yashi da kansa, bayana ya biyo, ban ji kome ba sai ɗumi.

Na kwanta nan ina kallon sama. Fari fat, babu gajimare ko na rantsuwa, shaho ɗaya yana kewayawa. Kusa da kunnena ga bawon katantanwar ruwa, ga ƙayar kifi ta bushe. Can nesa abin da ya rage na kogin yana sheƙi kamar zare, mata suna wanki a bakinsa, sautin dukan wankin yana isowa bayan hannun ya sauka. Tun da anka haife ni ban taɓa zama wuri na ji ba na son zuwa wani wuri ba sai ranar. Tsakanin barin ƙasa da komowa akwai wani ɗan fili, ba Yamai ba ne, ba Adar ba ne, babu fari a cikinsa, babu soja, babu Baba. Don in riƙa shiga wannan filin nake jiran Lahadi. Daga baya Metir ya fara nuna mini yadda ake sa ƙugu a juya da mutum, na kuwa iya, amma wallahi na fi son a jefa ni.

In an gama, al'adar wasan ce ka tsaya gaban wanda ya jefa ka ka rusuna. To wannan ce ta jawo. Wani direban garinmu ya bi ta gada wata Lahadi, ya leƙo ƙasa, ya gan ni. Ya kai labari gida da zafinsa.

Bayan sati biyu na komo daga aiki na iske yaya zaune a ƙofar ɗakinmu bisa ƙullin kaya, cikin babbar riga, da rawani. Ƙullin babba ne. Da na kai shi ciki na ga tabarma, da buta, da walkinsa na kokowa, har da ƙarfen hauya babu ƙota. Ban kawo kome a raina ba. Munka gaisa, na tambayi Baba da Inna da matarsa da yara, ya ce duk lafiya lau. Ya bari sai da mutanen ɗakin sunka taru.

"Auta, Baba ya ce a tambaye ka. Gaskiya ne wani tsoho yana buga ka da ƙasa kamar wanki, kai kuma kana tashi kana rusuna mishi kana godiya?"

"Ba haka abin yake ba, yaya."

"Yana ka da kai?"

"Awo, amma..."

"Sau nawa?"

"Ba a ƙirgawa."

"Ba a ƙirgawa!" Ya juya ya dubi mutanen ɗaki. "Kun ji jikan mai walkin zaure. Ba a ƙirgawa." Sunka kwashe da dariya, ɗaya har da riƙe ciki. "To Baba ya ce in kama ka gaban tsohon naka. In na ka da kai, abin da na ce shi za ka yi."

"In ni na ka da kai fa?"

Wannan karon har ni sai da na yi dariya.

Na san abin da zai ce in ya ka da ni: cire rigar buhu, hau mota, gida. Kwana ukun nan ban yi mishi kallon kirki ba, haushi ya rufe mini ido. In an kawo tuwo sai ya yi loma uku ya suɗe hannu ya ce alhamdu lillahi, shi ba mai ci ba ne. Na ɗauka fushi ne, ba ya son cin abincin wanda ya kunyata gida. Da rana yana zaune gindin bango, mutanen Adar suna zuwa gaishe shi. Da yawansu fari ne ya koro su, suna kwana a bukkokin kwali a bakin gari. In sun gan shi sai fuskarsu ta canza, su kama yi mishi kirari, su tuna mishi shekarar da ya ka da wane a kasuwar wane gari, lokacin da gero ke zube a masussuka babu mai kallonsa. Shi kuma ya ɗaga dunƙulen hannu.

Labari ya zaga Bukoki. Ranar Lahadi da munka sauka kogi, na waiga na ga ayari a bayanmu, ƴan dako, da masu facin taya, da mutanen bukkokin kwali har da tsofaffin mata. Soja biyu da ke bisa gada sunka leƙo, don taro irin wannan ba a yin shi haka kawai a lokacin. Metir ya ƙame ya sara musu, ya ɗaga murya ya ce wasa ne na wa da ƙane. Sunka jingina da ƙarfen gada, su ma sunka zama ƴan kallo.

Yaya ya tuɓe babbar riga amma ya bar ƴar shara, ya ɗaura walki. Kambun da a da ke matse mishi damtse na ga an ƙara ɗaure shi da tsumma. Na gani da idona, hankalina bai ɗauka ba.

Metir ya ce, "Da dokar wa za ku yi, tamu ko taku?"

"Doka ai ɗaya ce, Baba," in ji yaya. "Wanda ya fara taɓa ƙasa."

Metir ya daɗe yana kallonsa, tun daga wuya har ƙwauri. Sannan ya gyara mini ɗamara, ya ce a kunnena, "Ka kalli cibiyarka." Na ji haushi. Wato shi ma ya gama yanke cewa ni zan sha ƙasa.

To ga mu nan, goshi da goshi, mai bokiti yana ta duka.

Ba zan yi ƙarya ba, na so in juya. Na so direban nan ya koma ya gaya wa Baba cewa auta, mai rigar buhu da rubutu a kife, ya yi abin da Adar duka ta kasa shekara tara. Na so a biya ni satin nan da anka amsa wa bango gaisuwata. Ƙafata ta dama har ta shiga, ƙuguna ya sami wurinsa.

Sai na ji gwiwoyinsa suna rawa a jikin nawa. Hannun da ke wuyana ba riƙon kokowa yake yi ba, riƙon mai neman abin dafawa ne. Na ɗaga ido na dubi nasa, suna buɗe amma ba ni suke gani ba.

"Auta," ya ce, can ƙasa-ƙasa, "duhu nike gani."

Ture-turen da munka yi ya fitar da mu daga yashi, mun koma kan busasshen laka mai tsage-tsage, da duwatsu jefi-jefi. Yana sulalewa. In na sake shi, gwiwoyinsa za su sauka da kansu, ba tare da kowa ya ka da shi ba, gaban mutanen da sunka taso daga bukkokin kwali don su ga abu ɗaya da bai canza ba. In na riƙe shi a tsaye, kowa zai ga ƙane yana tallabe da wa. Ban yi wani dogon tunani ba, jikina ne ya san hanya. Na janye ƙuguna. Na kai diddigena bayan ƙafarsa yadda daga nesa za a ce shi ya taɗe ni, na damƙi walkinsa da hannu ɗaya, na jawo shi kaina, na bar ƙasa.

Filin nan ya buɗe, ya fi kullum faɗi. Na ga zoben mutane ya karkata, bakuna a buɗe babu sauti. Na ga sojojin nan biyu rataye a gada kamar jemagu. Na ga layun yaya sun tashi sama suna shawagi ɗaya bayan ɗaya. Ina ɗauke da shi bisa ƙirjina kamar yadda yake ɗaukata ina ƙarami in munka dawo daga gona, sai dai shi ya fi ni rashin nauyi. Na ji ƙamshin ruwa, wallahi na ji shi, irin na farkon damina in ya taɓa turɓaya. Na manna haɓa, na kalli cibiya, na saki numfashi, hannun da ya rage ya bugi laka.

Ɓam.

Ƙarar ta fi ciwon nesa ba kusa ba. Yaya yana kwance a kaina, gwiwoyinsa bisa cinyoyina, babu inda ya taɓa ƙasa. Sai sauti ya dawo duniya gaba ɗaya, guɗa da ihu da kirari. Kafin ya motsa maza sun sure shi sun aza bisa kafaɗu, Allah ya taimaka, don da an bar shi ya tashi da kansa da bai iya ba. Wata tsohuwa ta bi su da ƙwaryar ruwa da gari tana miƙa mishi sama tana kuka. Na hango shi yana sha, kansa yana dawowa daidai, sannan a hankali ya ɗaga dunƙulen hannu. Ayari ya nufi gaɓa da shi, cikin zafin nan da ke sa kome rawa, har na ga kamar ba tafiya suke ba, ruwa ne ke ɗauke da su.

Ni anka bari kwance. Inuwa ta rufe mini rana, Metir ne.

"Kanka ya bugu?"

"A'a."

"Ka saki numfashi?"

"Na saki."

"To. Yau ka faɗi." Ya gutsiri goro. Bai ce ankor ba.

"Metir, an ka da ni fa. Sharaɗi ne, gida zai ce in tafi."

"Ai ya zo da kaya. Mi da mi?"

Na lissafa mishi.

"Mutum zai zo ya kama ƙanensa kwana uku ya koma, mi zai yi da ƙarfen hauya?" Ya miƙo mini hannu. "Tashi. Ka dama mishi kunu mai ruwa-ruwa, kada ka ba shi tuwo yau. Kaɗan-kaɗan."

Da la'asar muna zaune gindin itacen bedin ƙofar gida, mutane sun watse, yaya yana kurɓar kunu da ludayi. 

"Ƙafata ba ta taɓa ƙafarka ba," ya ce.

"Ta taɓa."

"Auta."

"Mutane sun gani, yaya. Har soja."

Ya sa ludayi cikin ƙwarya. Yana kallon titi ya gaya mini, ba ni yake kallo ba. An share rumbu tun sanyi. Matarsa da yara an maida su gidan iyayenta. Baba da Inna sau ɗaya suke ci, ƴaƴan anza ne da ake jiƙawa kwana da kwanaki don ɗaci ya fita, shi kuma rabonsa yakan ce ya ci a waje. Baba ba zai iya buɗe baki ya ce wa babban ɗansa tafi wajen ƙanenka ka ci abinci ba. Shi ma ko an ce ba zai zo ba. Sai ga direba da labari. Baba ya yi kwana biyu yana faɗa, har maƙwabta suna leƙowa. Rana ta uku da safe ya ce ɗaure kayanka ka tafi ka ka da shi. Inna ce ta cusa ƙarfen hauya, ko za a sami aikin lambu a bakin kogi.

"To fushin na gaske ne, ko kuwa?" na ce.

"Na gaske ne." Ya ɗan yi murmushi. "Amma ya ji daɗin samun dalili."

Na ce, "Sharaɗi dai yana nan. Mi ka ce in yi?"

"Gobe ka kai ni wajen mai ɗaukar ƴan dakonku."

"Sai ka yi sati kana cin abinci tukuna. Buhun nan ba ya jin kirari."

"Ji ɗan banza." Ya ɗaga ludayi kamar zai ƙwala mini. Can kuma ya ce, "Tsohon nan naka, kowace Lahadi yake yi?"

"Kowace Lahadi."

"Zan zo in gani. Kallo kawai."

Direban zai koma Adar washegari. Na auna dawa daga rabon da ake ba mu a mangaza na ɗaure a ƙaramin buhu. Na yagi takarda daga littafin awon telan nan, na ari biro. Tun da na bar lakwal ban rubuta abin da ya wuce sunana ba, sai da na ɓata takarda biyu. Na san Baba ba ya karanta boko, malamin lakwal za a kira ya karanta a zaure, ƙarƙashin walkin kaka, gaban duk wanda ke zaune. Da wannan a raina na rubuta:

"Baba, ina gaisuwa, ina gaida Inna. Yaya ya iso lafiya. Ranar Lahadi ya kama ni cikin kogi gaban mutanen Adar da na Yamai, har da soja biyu, ya buga ni da ƙasa, an ji ƙarar har bisa gada. Bayansa yana nan yadda ka san shi. Ya ce bai yarda da ni ba tukuna, zai zauna nan ya sa mini ido har ruwa ya sauka, ni kuma ba ni da ta cewa tunda an ka da ni. Ga dawa wajen direba, ja ce, tana da tauri, Inna ta jiƙa ta kafin daka. Yaya ne ya ce a kawo. Ban ji ciwo ba."